Shaidar da Na Bayar a Kan Abokin Ɗakina

A ikilisiyarmu ta Sri Petaling, a nan Malesiya, ni ne magatakarda. Ilimina bai kai na kowa a wurin ba: sakandare na gama a gida, sai difloma ta aikin otal da na zo yi nan da girmana, na bar mata da yara uku a Kaduna. An ba ni aikin ne don rubutuna yana karantuwa, kuma ba na fashin sujada. Majami'ar ɗaki ɗaya ce a saman wani shagon taya, yawancinmu 'yan Kaduna da Filato. Hatimin ikilisiya a jakata yake kwana, takardun da ake rubutu a kai kuma suna ƙarƙashin katifata a Wangsa Maju, unguwar da nake haya.

Aikin da ya fi zuwa mini shi ne takardar aure. A gida, in saurayi yana ƙasar waje ya nemi 'yar mutane, ikilisiyar yarinyar ba ta yin sanarwa sai ta ga takarda daga inda yake sujada, cewa shi mai bi ne, an san shi, ba shi da wata mata a ɓoye. Mu kuma a nan mun saba da yadda ake yi. Mutum zai ɓace shekara biyu ba a ga ƙeyarsa ba, sai ga shi wata Lahadi da sabon aski, ya zauna a layin gaba yana tafi fiye da kowa. In ya jera Lahadi uku sai in rubuta, fasto ya sa hannu, in buga hatimi. Mukan ce wa kanmu ai hanya ce ta jawo shi, wataƙila matar ta ƙarasa aikin. Na rubuta irin wannan da yawa, kuma ban taɓa jin komai a raina ba.

Abokin ɗakina ɗan Bukuru ne, na girme shi da shekara tara. Yana karatun digiri na uku a babbar jami'ar nan ta Lembah Pantai, a kan ƙazantar ruwan kogi. Ina kiransa Dokta tun bai gama ba, shi kuma yana kirana Dattijo. Mahaifiyarsa ta daɗe tana shugabantar zumuntar mata, don haka ya fi ni sanin waƙoƙin sujada, in yana wanke kwano ma yakan rera su bai sani ba. Amma ya daina ba da gaskiya. Bai yi hayaniya a kai ba, ba ya zagin kowa. Da na matsa masa a farkon zamanmu, cewa ya yi ya daɗe yana addu'a yana kasa kunne, daga baya ya gane shi kaɗai ne a ɗakin.

Gardamarmu a mamak, wato ɗan gidan abincin da ke ƙasan benenmu, muke yin ta, da yamma, a kan gurasar roti da shayi.

"Dokta, in babu Allah, me zai hana ka yanka ni ka gudu da fasfo ɗina?"

"Fasfon Najeriya? Dattijo, samo wani misalin."

"Ka amsa mini dai."

"Abin da ke hana ni shi ne kana jin zafi kamar yadda nake ji. Kana da yara da ke jiranka. Wannan bai isa ba?"

"Wa ya ce dole zafina ya dame ka? Wa ya kafa wannan dokar? In kai ka kafa wa kanka, gobe kana iya rushewa."

"To kai fa, in aka tabbatar maka gobe babu wuta, babu hisabi, za ka yanka ni?"

"Allah ya kiyaye."

"Ka gani. Ashe ba wutar ce ke riƙe da hannunka ba."

Nakan ce masa duk abin kirkin da ke jikinsa daga makarantar Lahadi ya kwaso, uwarsa ce ta ɗura masa, yanzu yana ci yana musun inda ya fito. Shi kuma yakan ce mai yiwuwa, amma tsohuwar nan 'yar China da ke ƙofa ta uku a hawanmu, mai kunna turare ga kakanninta kowace safiya, wace makarantar Lahadi ta shiga da ta yi ta kawo mini kunun shinkafa lokacin da zazzaɓin dengi ya kwantar da ni? A nan nakan sauya magana, domin a waccan jinyar tsohuwar kunu kawai ta kawo. Wanda ya ɗauke ni a kafaɗa zuwa lif, ya zauna da ni a asibiti, ya wanke wandon da na ɓata, ya riƙa kiran matata yana kwantar mata da hankali, shi ne wannan da nake ce wa ba shi da tushe. 'Yan ikilisiya sun zo sau ɗaya, sun yi addu'a mai kyau, sun tafi.

Duk da haka ban taɓa jin ya kayar da ni ba. Na gaskata, har yau ma ina gaskatawa, cewa nagarta sai da Mai ita. Abin da ban lura ba shi ne a hankali na fara jiran ranar da zai yi wani abin kunya, don maganata ta tabbata.

Yana neman wata ma'aikaciyar jinya a Kafanchan, 'yar wani tsohon mai bishara da ya yi ritaya. Shekara huɗu suna tare. Ta san halin da yake ciki, bai ɓoye mata ba. Sun shirya cewa ita za ta faɗa wa mahaifinta da bakinta in ta je gida hutun Kirsimeti, ta bi ta wajen mahaifiyarta, a hankali. Kafin nan kawunnansa sun riga sun kai kayan gaisuwa, an karɓa. Saura takardar ikilisiya.

Ni a ganina abu ne mai sauƙi. Wata Asabar da safe yana soya ƙwai na fito da takardar, na riga na buga ta, sa hannu kawai ya rage. Na ajiye masa a kan firij ina jin kaina kamar wanda ya kawo babbar kyauta. Ya goge hannu ya karanta har ƙarshe.

"Turancin ya yi kyau," in ji shi, ya miƙo mini.

"Lahadi uku kawai, Dokta. Ba sai ka yi waƙa ba. Ka zauna a baya kusa da fanka, in an tashi mu yi tapau, a ƙunsa mana abinci mu dawo."

"Takardar ta ce ni mai bi ne."

"Kalma ce kawai lah," na ce, irin na 'yan ƙasar nan. "Kowa haka yake yi."

"Tsohon nan zai karanta, ya ba da 'yarsa ga mutumin da ke cikin takardar. Sai ni kuma in zo in tafi da ita."

"To sai ka rasa matar don taurin kai?"

"Mun yi magana da ita. Za ta faɗa masa."

Ya juya ƙwan, sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kai nake mamaki, Dattijo. Ni ba mai kallona. Kai ne kake da mai kallonka."

Da dariya ya faɗa. Na yi dariyar ni ma, na ninke takardar na koma ɗaki. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji kamar ƙayar kifi. Kwana da kwanaki ina juya ta. Ni da ke tashi da sassafe ran Lahadi in hau jirgin ƙasa biyu zuwa Sri Petaling, in share majami'a, in jera kujeru, yau wanda ya bar Allah ne zai koya mini gaskiya? Na ce a raina girman kai ne ke damunsa, yana so ya nuna ya fi mu tsarki ba tare da Ubangiji ba.

Bayan takarda, akwai binciken da iyaye ke yi ta bayan fage. Sukan nemi wani ɗan gida da ke zaune kusa da saurayin su tambaye shi a asirce. Ban san wa ya ba tsohon lambata ba. Wata Talata da ƙarfe uku na rana ya kira, ina hutun rabin awa a otal ɗin da nake aikin koyo. Na fita ta ƙofar baya inda ake sauke kaya, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, na toshe kunne ɗaya da yatsa.

Muka yi doguwar gaisuwa. Ya tambayi iyali, ya tambayi ikilisiya, ya ce ya ji ni ne magatakarda, Allah ya ƙara ƙarfi. Muryarsa irin ta tsofaffin masu wa'azi ce, a hankali, kowace kalma a wurinta.

"Ɗana, 'yata zan bayar. Ubangiji yana jinmu. Yaron nan yana zuwa sujada?"

Ina iya cewa, Baba, wannan magana ku bari ya faɗa muku da kansa. Na san shirin da suka yi. Amma na ce, "Ba ya zuwa, Baba. Ya ce ma bai gaskata akwai Allah ba."

Wannan amsar gaskiya ce, ko da yake ba ni ya kamata in faɗe ta ba. Da a nan na tsaya, da ina da ɗan abin da zan kare kaina da shi.

"To halinsa fa?" in ji tsohon. "Yana shaye-shaye? Yana bin mata?"

Shekara uku muna ɗaki ɗaya. Na san lokacin fitarsa da na dawowarsa, na san abin da ke cikin akwatinsa. Ban taɓa ganin kwalba ba, ban taɓa jin muryar wata mace a wayarsa da sigar da ba ta dace ba. Amsar tana bakina. Sai na ji kaina ina cewa:

"Baba, ni dai ban kama shi da idona ba. Amma kun san yaran Malesiya. Mutumin da ba ya tsoron Allah kuwa, me zai tsare shi?"

Wanda ba ɗan gida ba ba zai san nauyin wannan kalmar ba. A wajenmu in aka ce wa mutum yaron Malesiya, an gama da shi: ɗan damfara ta intanet, mai tara mata, mai dawowa da motar da ba a san asalinta ba. Dukanmu da ke nan muna fama da wannan sunan. Ni kaina na taɓa yin faɗa da ƙanin matata a kansa. Na san abin da zai yi a kunnen tsohon mai bishara, na kuma ɗauko shi na ɗora wa mutumin da ya wanke mini wando.

Tsohon ya gode mini. Ya yi mini addu'a, ya ce Ubangiji ya ƙara irina a ƙasar baƙunci. Na ce amin. Na koma ciki na ci gaba da ninke tawul.

A ranar na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ce wa kaina ban yi ƙarya ba, ai na ce ban gani ba. Na ce na ceci 'yar mutane daga auren marar bi. Daɗin bai kai Laraba ba.

Sati uku na yi ban faɗa wa kowa ba. Na ga yadda abin ya fara isowa ɗakinmu. Da, kullum da yamma yakan fita baranda su yi hira da ita, ina jin dariyarsa ta cikin labule. Sai hirar ta gajarce. Sai ya koma kira ba a ɗauka. Yakan zauna a bakin gado da wayar a hannu, ya rubuta, ya goge, ya ajiye, ya sake ɗauka. Sau ɗaya ya ce mini, "Dattijo, ko ka ji wani abu daga gida? Wani abu ya faru, ban gane ba." Na ce wataƙila aiki ne ya yi mata yawa, ai ka san asibitocinmu.

Zaman ɗakin ya gagare ni. In na taso daga aiki, jirgi ya tsaya a Wangsa Maju, sai in kasa tashi daga kujera, in wuce har tashar Gombak, in tsallaka in dawo, wani lokaci in sake wucewa. Na daina zuwa mamak, na ce cikina ne. In na durƙusa yin addu'a sai in tarar ina lissafin kalmomin da na faɗa ɗaya bayan ɗaya, ina neman wadda za a ce ƙarya ce, ban samu ba, kuma hankalina bai kwanta ba. Ranar jibin Ubangiji ni ne mai zagayawa da faranti. Na miƙa wa kowa, da ya zo kaina na ajiye ƙoƙon na yi kamar ina gyara mayafin tebur.

Abin da ya fi duka muni shi ne wannan. Maimakon in gyara maganata, sai na shiga neman abin da zai mayar da ita gaskiya. In wayarsa ta yi haske yana wanka, sai in leƙa. In ya rataye riga, sai in shinshina ko akwai turaren mace. Wata rana wata abokiyar karatunsa ta kira shi a kan wasu kwalabe da aka manta a firjin ɗakin gwaji, da na ji muryar mace sai zuciyata ta yi tsalle don murna. Ni magatakardan ikilisiya, ina fatan ɗan'uwana ya faɗi cikin zunubi don in sami sauƙi. Na ga wannan a kaina sarai, amma ban daina ba.

Asabar ta uku ya yi wanka, ya ɗauki babbar jaka, ya ce zai fita, bai ce ina ba. Na ba shi minti biyu na bi bayansa. Na shiga tarago na bayan nasa, na tsaya a bayan wasu 'yan makaranta ina leƙensa ta tsakanin kawunansu. Muka ratsa gari duka. Ya sauka a tashar jami'a, ya hau bas zuwa Pantai Dalam, na hau ta ƙofar baya na sunkuyar da kai. Ya sauka, ya bi ta bayan wasu dogayen benaye da aka shanya kaya a kowace taga, ya gangara wani matakalin siminti zuwa bakin kogi. Na laɓe a jikin wata bishiya, gumi ya jiƙa mini riga. Ina jiran macen ta fito.

Ya buɗe jakar ya fito da takalmin roba, da safar hannu, da akwatin ƙanƙara, da kwalabe. Ya tsuguna a bakin ruwan nan mai launin shayi, mai warin kwata, yana cika su ɗaya-ɗaya. Bai ɗago ba ya ce da ƙarfi:

"Dattijo, tun tashar Masjid Jamek na gan ka. Sauko ka riƙe mini akwatin nan, sauro zai cinye ka a wurin."

Na sauko. Na riƙe akwatin da hannu biyu. Ya miƙo kwalba na saka, ya miƙo wata na saka. A ta uku na ce, "Baban yarinyar ya kira ni."

Ya rufe kwalbar da ke hannunsa, ya duba agogo, ya rubuta lokaci a jikinta. Sannan ya miƙe.

"Yaushe?"

"Sati uku."

"Faɗa mini abin da ka ce. Kalmomin, yadda ka faɗe su."

Na faɗa. Da na zo kan yaran Malesiya, ya ce in maimaita, na maimaita.

"Ka san ƙarya ne?"

"Ai na ce masa ban gani ba."

"Dattijo."

"Na sani."

Ya cire safar hannun a hankali. Ya ce satin da ya wuce ta ɗauki waya sau ɗaya, abin da ta tambaye shi kawai shi ne, wace ce? Shi kuma ya ɗauka wasa ne ya yi dariya, ta kashe.

Na ajiye akwatin na durƙusa a kan simintin. Na ce ya yafe mini don Allah.

"Tashi, mutane na kallo. Ba ni za ka fara gyara wa ba. Ƙarfe nawa a gida yanzu?"

Ƙarfe ɗaya na rana ne a nan, shida na safe ke nan a can. Ya ce tsohon yana addu'ar safe, mu ba shi awa guda. Muka hau sama muka zauna a rumfar jiran bas, akwatin a tsakaninmu. Bas huɗu suka zo suka wuce. Ban taɓa zaman awa mai tsawon wannan ba. Da biyu ta yi ya ce, "Kira. Ka buɗe murya ni ma in ji."

Tsohon ya ɗauka da fara'a, ya ce ɗana mai gaskiya. Na ce Baba kada ku kira ni haka. Na faɗa masa komai: cewa shekara uku ban ga ko alamar mace ko giya ba, cewa na faɗi abin da na faɗa don haushi, don ya ƙi karɓar takardar ƙarya da na rubuta masa. Ya saurara bai katse ni ba.

"Kai ne magatakardan ikilisiya?"

"Ni ne, Baba."

"Hatimi a hannunka yake?"

"E, Baba."

Na ji numfashinsa. Wani zakara yana cara a bayansa.

"Na tara 'yan'uwana a tsakar gidan nan na faɗa musu abin da ka ce. Matan zumunta sun ji. Abokan aikinta sun ji. Ka faɗa mini yadda zan bi gida-gida in karɓo." Ya ce, "Maganar sujada fa? Ita ma ƙarya ce?"

Kafin in buɗe baki abokin ɗakina ya sunkuyo kan wayar.

"Ina kwana, Baba. Ni ne. Wannan gaskiya ce."

Suka gaisa kamar ba abin da ya faru, har ya tambayi lafiyar mahaifiyarsa. Sannan tsohon ya ce, "Na tsufa a aikin nan, na san yadda ake samo takardun nan. Me ya hana ka karɓa kamar sauran?"

"Ban so ku ba da ita ga wanda ba ni ba, Baba."

"Wa ya koya maka haka?"

"Ban sani ba. Mama wataƙila."

"Ba uwarka ba ce. Amma ba zan yi gardama da kai a waya ba." Sannan tsohon ya ci gaba: "Ɗana, yau na fi yarda da bakinka a kan na mai hatimin. Zan tara 'yan'uwa in wanke sunanka, wannan hakkinka ne. Amma na riga na faɗa a gabansu cewa ba zan kai 'yata gaban bagade in miƙa ta ga wanda ba zai ce amin ba. Za ka ce?"

Na dube shi. Na roƙe shi da ido. Kalma ɗaya ce.

"Zan tsaya kusa da ita, Baba, zan kai ta sujada duk Lahadin da take so, in jira ta a waje. Amma ba zan faɗi abin da ba na gaskatawa ba."

"To," in ji tsohon. "Na ji."

Tsohon ya cika alkawari, ya tara dangi ya ce maganar bin mata ƙage ce. Wasu suka yarda, wasu suka ce ai dama haka za a ce. Ita kuma ta kira shi ta ba shi haƙuri, suka daɗe suna magana a baranda, ban saurara ba, na sauka ƙasa na yi ta zagaya wurin ajiye motoci har suka gama. Daga baya shi ya faɗa mini, da murya kamar yana karanta sakamakon gwaji, cewa ta ce da an bar ta ta bi ta wajen mahaifiyarta, su biyu a ɗaki, da akwai hanya. Mahaifinta mutum ne da ake lallashi a ɓoye. Amma bai taɓa janye maganar da ya yi a gaban taro ba, ita kuma ba za ta yi aure yana juya mata baya ba. Kafin Kirsimeti aka mayar da kayan gaisuwa Bukuru.

Na je wurin fasto na tuba, na faɗi abin da na gaya wa tsohon da batun takardu duka. Ya yi mini faɗa, ya yi addu'a tare da ni, ya ce Ubangiji ya gafarta. Na gaskata ya gafarta. Wannan ma yana cikin abin da ke hana ni sukuni: ni da na yi laifin na sami gafara a rana ɗaya, ina zaune a kujerar roba a ƙarƙashin fanka, shi da ya ƙi yin ƙarya ya rasa matar da ya jira shekara huɗu. Na tambayi fasto daga ina mutumin nan ya sami abin da ya tsayar da shi a rumfar bas. Ya ce Allah yana rubuta dokarsa har a zuciyar wanda ke musunsa. Ina so in yarda haka ne. Amma ni da ke da dokar a zuciya da a baki da a jaka, me ya sa ba ta tsayar da ni a ƙofar bayan otal ba? Wannan fasto bai amsa mini ba, ni ma ban samo ba.

A watan Janairu ya sami ɗaki a Pantai Dalam, ya ce ya fi kusa da jami'a. Na taya shi ɗaure kwalaye. Bai hana ni ba, har yana ce mini in yi hankali da na littattafai, bayana ba na yaro ba ne. Muka yi sawu uku zuwa lif. A na ƙarshe na riƙe ƙofar da ƙafa.

"Dokta, har yanzu ba ka ce ka yafe ba."

"Ku aka umarta ku yafe, Dattijo. Ni ba wanda ya umarce ni. Sai in na ji a raina zan iya, kuma ban ji ba tukuna. In na ce maka na yafe yau, ƙarya zan yi maka."

"To yaushe?"

"Ban sani ba. In na ji zan kira ka. Cire ƙafarka, direba na jira."

Na cire. Shekara ɗaya da wata biyar ke nan. Na gama difloma, matata tana ta tambayar ranar dawowata, kamfanin waya kuma ya sha turo mini tayin sabon layi mai sauƙi. Ban canza lambar ba.